Fatihar Hajji Sha'aban

Zuwa ga maigidana, Malam Sabi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan Allah Ya sa kana cikin rahamarSa da yalwar makwanci. Ni ce Rakiya, daga gidan nan namu na Giza, inda ka bar mu. Ka ga yau na rubuta sunanka ɓaro-ɓaro. Duk tsawon zamanmu ban taɓa kama shi da bakina ba, to yanzu ba ka nan balle ka ɗago kai ka harare ni.

Muna nan lafiya, in dai ana kiran wannan lafiya. Famfon kicin yana nan yana ɗiga yadda ka san shi. Nura ya fi ka tsawo, har gashin baki ya fara. Maganarsa ce ta zaunar da ni rubutu, amma dole in bi ta kanka kafin in iso gare shi, domin daga kanka abin ya faro.

Ka tuna yadda ka zo ƙasar nan? Karatun shari'a aka turo ka daga Kano, a farkon shekarun saba'in, da akwatin ƙarfe da hula guda. Kuna cunkushe a gida ɗaya a Madinat Nasr, lokacin rabin unguwar rairayi ne. Babana, da yake ɗan kasuwar Damagaram ne mazaunin nan mai son mutane, yakan kira ɗalibai cin tuwo ran Juma'a. Shi ya fara ba da labarinka a gida, wai ya ga wani Bakano wanda ko ruwa babba ya miƙa masa sai ya durƙusa. Na leƙa ta labule, na ce wa innata in dai wancan ne, ina so. Ladabinka na gani na so, Malam. Ban san shi zai cinye mu ba.

Bayan la'asar kukan buga ƙwallo a fili bayan gidajen, ba takalmi. A nan Hajji Sha'aban ya tsayar da motarsa ya gan ka. Mai masana'antar sabulu ne a nan Giza, yana da ɗan ƙaramin kulob da yake ji da shi fiye da sabulun. Daga ranar littattafai suka fara tara ƙura. Aka yanke maka kuɗin karatu, shi ya nema maka iƙama, takardar izinin zama, da sunan masana'antarsa. Shi ya kama mana gidan nan. Ragon sunan Nura ma shi ya aiko da shi. Ban manta ba, kada ka ce na manta. Na dai gaji da jin lissafin ne.

Sai kakar wasan nan ta zo da ƙafarka ta ƙi yin kuskure. Duk inda ka buga sai raga. Yaran unguwa suna bin ka har ƙofar gida, mai sayar da wake yana ƙara min ludayi don ni matarka ce. Kafin kaka ta ƙare, tayi biyu suka zo maka kusan tare.

Na farko daga babban kulob ne na cikin gari. Takarda ce rubutacciya ta shekaru, da fili mai ciyawa, da likita nasu na kansu, da gida a Ma'adi. Aka kuma rubuta cewa ko ka ji rauni albashinka ba zai tsaya ba. Illarsa ɗaya, suna da wani gwani a lambarka, ana jin za ka daɗe a benci. Na biyu na Hajji ne: ka ƙara shekara guda, kai ne kyaftin, kai ne komai, ba takarda, magana ce ta uba da ɗansa.

Falonmu ya koma majalisa. 'Yan wasa suna shigowa suna fita, ina ta dafa shayi har tukunya ta gaji. Daga kicin na koyi yadda masu wannan sana'a suke auna tayi. Wani ya ce a dubi abin da za a damƙa maka a hannu ranar sa hannu. Wani ya ce a'a, yawan shekarun za a duba. Wani ya ce ɗan ƙwallon da ba ya buga wasa ya mutu bai sani ba, benci kabari ne. Akwai wanda ya ce shi garin yake fara tambaya, in matarsa ba za ta zauna ba, ba ya zuwa. Bashir ne kaɗai, golan nan naku Bahaushen Sudan mai karyayyun yatsu, ya jira har suka gama. Sannan ya ce: "Ya Sabi'u, kada ka dubi abin da za su ba ka kana tsaye. Dubi abin da za su ba ka ranar da kake kwance."

Ka yi istihara. Ka kwana biyu ba ka cin abincin kirki. Wata safiya kana shan shayi ka ce min ka yanke, babban kulob za ka je, ko benci ne za ka zauna har lokacinka ya zo. Muka hau jirgin ƙasa zuwa Ma'adi muka ga gidan. Bishiyoyi, Malam! Titi shiru, ba mai yi wa wani ihu ta taga. Nura yana ta gudu daga ɗaki zuwa ɗaki. Ni har na zaɓi inda zan ajiye keken ɗinkina, gefen tagar da ke kallon bishiyar mangwaro. Aka ce ran Asabar ka zo ka sa hannu.

Ran Juma'a bayan an sauko, Hajji Sha'aban ya hawo benenmu da kansa, yana haki, da kwandon lemo. Ba aike, ba sanarwa. Ka miƙe zumbur ka ba shi kujerarka ka zauna a ƙasa. Na tuƙa tuwo da miyar lalo, ya ci har da suɗe hannu. Bai yi faɗa ba, bai ce ka ci amanarsa ba. Ya ɗauki Nura ya ɗora a cinya, yana ta labarin ranar da ya fara ganinka a rairayi. Ina bayan labule ina jiran in ji ka buɗe baki ka ce masa ka yi haƙuri, Hajji, na riga na zaɓa. Kana ta sunkuyar da kai kana murza gefen tabarma.

Can sai ya ajiye yaron, ya ɗaga hannuwansa sama ya ce: "Khalas, an gama, Sabi'u ɗana ne, yana nan tare da mu. Yalla, Fatiha."

Na gan ka. Labulen yana da ɗan tsage, kuma ta nan na gan ka. Hannuwanka suna kan gwiwoyinka, sai suka tashi da kansu. Ta yaya ɗan malamai, wanda ya tashi a zaure, zai bar hannu a ƙasa alhali dattijo mai furfura ya ɗaga Fatiha a ɗakinsa, bayan ya ci tuwonsa? Ka karanta, ka shafa, ka ce amin. Ya sumbaci goshinka ya sauka abinsa.

Ranar na yi maka faɗan da ban taɓa yi ba, kuma har gobe ban janye ko kalma ɗaya ba. Na ce ba ka ce i ba. Na ce addu'a aka yi, ba ciniki ba. Bashir ya zo ya ce mutanen ƙasar nan su kansu sukan karanta Fatiha da safe a kan ciniki, in sun sami wanda ya fi shi da yamma su ce ma'alish, wato a yi haƙuri. Har tsohon malaminka na fiƙihu ka je ka tambaya, ya ce maka wannan ba rantsuwa ba ce, babu ko kaffara a kanka. Ka dawo ka zauna a bakin gado ka ce: "Rakiya, a gaban Allah na ɗaga hannu, ba a gaban Hajji ba." Asabar ta zo ta wuce kana filin masana'anta kana atisaye.

Na so in tsane ka a kan maganar nan, na kasa. Abin da ya fi ci min rai ke nan.

Filin nan kuwa ka san shi, ƙasa ce busasshiya mai tauri, da tsakuwa a gefe. Kaka ba ta yi nisa ba wani mai tsaron baya ya shigo maka ta gefe. Ban je kallo ba, amma waɗanda suka je sun ce har a layin 'yan kallo an ji ƙarar gwiwar. Likitan kulob ɗin wani tsoho ne mai kwalbar man zafi da bokitin ruwa. Ya murza, ya ɗaure, ya ce ka taka. Da aka kai ka asibiti daga baya, aka ce an makara da yawa.

Hajji ya zo dubiya, da kwandon lemo. Ya yi hawaye, kuma na yarda hawayen gaske ne. Ya biya ɗaurin ƙafa. Da shekara ta cika, maganar uba da ɗa ta cika tare da ita. Ya ce ma'alish, ƙaddara ce, kulob kuma yana bukatar mai gudu. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba, don tun farko shekara guda ya ce. Babban kulob kuwa sun ɗauki wani yaro, ya zauna a bencin da ka ƙi, daga baya hotonsa ya cika jaridu.

Ma'adin dai ka shige ta, amma da manjagara a kafaɗa. Bashir ya samar maka aikin gyaran fili a inda Turawa ke wasanninsu. Kullum kana ɗingishi zuwa tasha da sassafe, kana share wa wasu ciyawar da aka so ka taka da takalmin ƙwallo. Wata rana na tambaye ka ko kana bi ta titin gidan nan mai mangwaro. Ka ce hanyar ta fi nisa. Ƙarya kake, na sani, ita ce mafi kusa.

A can ka ga wasan Amurkawa na besbol, wanda ake dukan 'yar ƙwallo da kulki a ruga a zagayo. Ka ce wasa ne na masu haƙuri, rabinsa tsayuwa. Akwai wani tsoho a cikinsu da ya taɓa yin sa a matsayin sana'a a ƙasarsu, yana jin Larabci kaɗan-kaɗan, kuka saba. Shi ya ba ka labarin yadda manyan 'yan wasansu ke yi yanzu in tayi ya zo musu daga wurare daban-daban. Wai kowa yana da wakili. Ba ɗan wasan ake samu ba, wakilin ake samu. Shi zai jera tayin ya duba shekaru, ya duba abin da za a yi in hannu ya lalace, ya duba garin da makarantar yara, ya je ya dawo. Ɗan wasa ba ya ma zama ɗaki ɗaya da mai kulob sai an gama, balle a ci abinci tare a ji nauyi.

Ka dawo gida kana ba ni labarin kana dariya. Ka ce: "Kin ji wata sana'a, Rakiya. Mutum aikinsa ke nan, ya ce a'a a madadin wani." Ka yi dariya har da tari. Sannan ka miƙe ƙafar nan a kan matashi, ka daɗe kana kallonta, ka ce a hankali: "Da na sami irinsa." Sau ɗaya ka faɗa duk rayuwarka, kuma ni kaɗai ce a ɗakin.

Gida kuwa ka ƙi komawa. Ka ce da wace fuska za ka shiga Kano, ba shahadar karatu, ba ƙafa? Mahaifiyarka ta rasu kana cewa baɗi. Kai ma ciwo ya kwantar da kai kana cewa baɗi. Muka binne ka a ƙasar mutane, Bashir ne ya shiga kabarin ya karɓe ka.

To ga abin da ya zaunar da ni.

Nura ya ɗauko ƙafarka. Na ɓoye takalma, na yi zagi, na yi kuka, duk a banza. Wanda ya gan shi da ƙwallo sai ya ce Sabi'u ya dawo. Bana tayi biyu suka zo masa, Malam, kamar ana yi min ba'a. Wani babban kulob yana son sa a ƙungiyar matasa, da takarda, da likita, da sharaɗin ba zai bar makaranta ba. Ɗayan kuma, ka riga ka sani. Hajji Sha'aban yana nan da ransa, ya tsufa tukuf, yana dogara sanda, filin nan ma yana nan yadda yake. Ya aiko cewa zai sa yaron a manyan 'yan wasa kai tsaye, ya ba shi lambarka.

Na ce wannan karon akwai wakili a gidan nan, kuma ni ce. Na zaunar da Nura na jera masa komai yadda Bashir ya jera maka. Ya saurara, ya ce babban kulob yake so, ya ma fi ni ɗoki. Na ce masa in ya hangi motar Hajji ya canza hanya. Ran Juma'a nakan tura shi gidan kawunsa, ɗan'uwana, tun kafin a tafi masallaci. Na ce in ma tsautsayi ya haɗa ku, hannunka ya zauna a aljihu, ni zan yi magana.

Bai zo ran Juma'a ba. Shekaranjiya Talata ya zo, da hantsi, direbansa yana riƙe da shi a matakala, Nura yana gida. Ban ɗora tukunya ba. Ko shayi ban kawo ba, ni Rakiya 'yar gidan da baƙo bai taɓa fita da yunwa ba. Na yafa mayafi na fito falon na zauna a kujera, ba bayan labule ba. Na dubi tsabar idonsa na ce masa a'a. Na ce yaron ya zaɓa, mun gode da alherin da, amma a'a. Da ka ji ni, da ka nutse don kunya. Ni kuwa har wani sanyi na ji a ƙirjina.

Bai musa ba. Ya gyaɗa kai ya ce tamam, uwa ta fi kowa iko da ɗanta. Ya sa direban ya buɗe wata leda. Rigarka ce, Malam, ta wasan ƙarshe, ya ajiye ta duk shekarun nan a ofishinsa. Ya miƙa wa Nura ya ce tasa ce ko ya zo ko bai zo ba. Yaron ya karɓa da hannu biyu, ya durƙusa. Dama hannuwan sun fito daga aljihu ke nan.

Ya miƙe zai tafi. Na ce a raina an gama, na tsallake. A bakin ƙofa ya tsaya, ya jingine sandarsa, ya ɗaga hannuwan nan nasa ya ce: "Fatiha ga ran Sabi'u, Allah Ya jiƙansa. Allah kuma Ya sa albarka a zaman ɗansa tare da mu, a cikin rigar ubansa."

Ka gaya min, wane ɗa ne zai bar hannu a ƙasa ana yi wa ubansa Fatiha? Wace mata ce? Na ga hannun Nura ya tashi, da rigar a rataye a damtsensa. Na buɗe baki in ce tsaya, raba addu'o'in biyu, sai na tarar da nawa hannuwan a gaban fuskata, leɓena yana karantawa. Sunanka aka kira. Na shafa na ce amin, ina kuka, ina sane sarai da abin da aka yi min.

Ban sani ba ko dabara ce ko kuwa tsohon haka zuciyarsa take, ba ya bambance abin da yake so da abin da Allah Yake so. Ban damu in sani ba. Ya sumbaci goshin yaron ya sauka.

Tun daga ranar nake magana. Duk abin da na faɗa maka a wancan karon na maimaita, har da ƙari. Na kira Bashir, ya hau jirgin metro ya zo da furfurarsa, ya nuna wa yaron yatsunsa. Na ce a je a tambayi duk malamin da yake so. Nura ya saurare mu tsaf, kansa a ƙasa, yana murza gefen tabarma. Sannan ya ce: "Umma, khalas. Baba bai warware tasa ba."

Na ce masa babanka ya yi nadama. Na ce da kunnena na ji. Ya dube ni da idanun nan naka ya ce shi bai taɓa jin ka faɗa ba, abin da ya sani shi ne duk Giza ana cewa ubansa mutum ne mai magana ɗaya. Gaskiyarsa. Ka bar masa sunan kirki ya ɗauka, nadamar kuma ka bar min ita ni kaɗai a ɗaki, ba shaida. Yanzu in na faɗa sai in zama uwar da ke ɓata mamaci don ta ci gardama.

Gobe zai fara atisaye a filin nan. Ya wanke rigar ya shanya a baranda, tana can tana ɗiga. Yana salla ina kallon gwiwoyinsa suna sauka ƙasa lafiya lau, suna tashi lafiya lau, sai in kau da kai. Na gaji, Malam. Ba ni da sauran dabara, ba ni da wanda zan kai wa ƙara. Na yi kewarka har ba na son faɗa, ina kuma jin haushinka, su biyun a wuri ɗaya suke kwana.

Ya Allah Ka jiƙan Sabi'u, Ka haskaka kabarinsa, Ka ba shi a can ƙafar da ya rasa a nan. Ka karɓi Fatihar da muka yi masa, don da zuciya ɗaya muka yi ta. Ka tsare min gwiwar yaron nan, ita ke nan gare ni. Amin.

Kai kuma, abu ɗaya nake roƙonka. In ana barin ku ku leƙo masu rai a mafarki, kada ka ɓata zuwan a kaina, na yafe. Je wurin ɗanka. Ni ba ya jin tawa, taka yake ji. Ka zauna a bakin gadonsa ka faɗa masa kalmar nan da ka kasa faɗa wa Hajji. Sau ɗaya tak, Malam, ka ce a'a.

Wassalam.

Matarka har gobe,
Rakiya
Giza